Taron jin ra'ayi kan tsarin kula da bakin tafkin Lagdo: da me ya kamata mu je?

Masunci, Lagdo:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin lamarin hukuma da takarda.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an idar da salla, jauron unguwarmu ya tsayar da jama'a a ƙofar masallaci, ya sanar da cewa wasu jami'ai za su zo su ji ra'ayinmu game da wani sashe na bakin tafkin Lagdo, a nan arewacin Kamaru, da ake son keɓewa. Kamar yadda ya bayyana, ana son a mai da wurin wajen shaƙatawa ga baƙi masu zuwa kallon ruwa da dorina da tsuntsaye, a dasa itatuwa, a hana sare waɗanda suke tsaye, sannan a rubuta tsarin da za a bi wajen kula da wurin na wasu shekaru. Sashen da ake magana a kai ya haɗa da kwatar da muke ɗaure jiragenmu, da filin da muke shanya raga, da wata 'yar fadama da mata ke shuka kuɓewa da yakuwa idan ruwa ya ja baya.

Mahaifina ya zo nan jim kaɗan bayan an gama madatsar ruwan Lagdo a 1982, lokacin da labarin giwan ruwa da karfasar Lagdo ya bazu, masunta suka yi ta kwararowa daga Logon da Tafkin Cadi da Najeriya har da Mali. A nan aka haife ni, a nan na koyi ɗinkin raga, kuma ba ni da wata takardar fili da zan nuna wa kowa. Ba na ƙin a kare tafkin. Na ga da idona yadda kifi ya ragu, na kuma ga masu jan taru mai ƙananan ido suna kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai tsawon yatsa ba. Hutun kamun kifi da ake yi daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Satumba yana ƙuntata mana, amma duk wanda ya koma ruwa a watan Oktoba ya san amfaninsa.

Abin da yake damuna wani abu ne da ya taɓa faruwa da mu. Shekarun baya wasu mutane sun zo kan wani aiki dabam, aka tara mu a inuwar wata makaranta, aka yi jawabi da Faransanci, wani yaro ya taƙaita mana da Fulatanci, sannan aka zagayo da takarda kowa ya rubuta sunansa ko ya dangwala yatsa. Mun ɗauka shaidar halarta ce. Bayan watanni, da muka kai kuka kan wata hanya da aka toshe, sai aka ce ai da mu aka yi, ga sunayenmu.

Tambayata ita ce, shin irin wannan taro yana canja wani abu, ko kuwa an riga an gama magana ana neman sunayenmu ne kawai? Idan yana canjawa, da me ya kamata mu je, kuma wa ya dace ya yi magana a madadinmu?

Tsohon malamin makaranta, Garwa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi tambaya a kan kari, kuma amsata ita ce ku je, kada ku ƙaurace, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Sai dai ku san abin da ake rubutawa kafin ku shiga.

Takardar da suke nufi ita ce wadda ake kira “plan d'aménagement” da Faransanci. Kundi ne da yake bayyana abin da ke cikin wurin, ya raba shi kashi-kashi a kan taswira, ya faɗi abin da aka yarda a yi da abin da aka hana a kowane kashi, ya kuma faɗi wanda zai kula da wanda zai karɓi kuɗin shiga. Galibi akan ware wani kashi da ba a taɓa komai a cikinsa, da wani na baƙi da gine-gine, da wani da mazauna za su ci gaba da amfani da shi bisa sharuɗɗa. Rayuwarku gaba ɗaya ta rataya ne a kan inda aka ja layin da ya raba waɗannan kashi. Jawabai za su wuce, alkawuran baki za su wuce, amma taswirar ita ce ma'aikacin gandun daji zai riƙe a hannunsa bayan shekara goma, lokacin da duk waɗanda suka zo muku da mota an yi musu canjin wurin aiki.

Ta fuskar doka kuma ba ku zo da hannu biyu wofi ba. Dokar gandun daji da namun daji ta 1994, wadda aka sabunta a watan Yulin 2024, ta san da haƙƙin amfani na mazauna gefen daji da ruwa. Ƙa'idar namun daji ta 1995 ta tanadi cewa kafin a keɓe wuri a matsayin gandun da aka kare, sai an liƙa sanarwa na kwana 30 a ofisoshin mulki da na magajin gari da fadojin sarakunan yankin, a karɓi ƙorafin jama'a a cikin wannan wa'adi, kuma wanda ya bari wa'adin ya wuce ya makara. Idan kuma akwai gini babba a cikin shirin, kamar masaukin baƙi ko hanya, to dokar nazarin tasirin ayyuka a kan muhalli da jama'a ta watan Fabrairun 2013 ta ce mai aikin ya aika wa wakilan jama'a jadawalin tarurrukan tuntuɓa aƙalla kwana 30 kafin taron farko, kuma kowane taro a rubuta bayaninsa, mai aikin da wakilan jama'a su sa hannu. Saboda haka abu na farko da za ku tambayi jauro, cikin ladabi, shi ne yaushe takardar ta iso hannunsa, kuma wane irin keɓewa ake nufi: gandu ne na gwamnati, ko fili ne na magajin gari, ko kuwa wani ɗan kasuwa ne za a ba haya. Kowanne da hanyarsa.

Abin da ya same ku a baya ya faru ne domin an haɗa muku takarda biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai jerin sunayen mahalarta, akwai kuma takardar bayanin taro, wadda ma'aikata ke kira “PV”. Ta farko tana cewa kun zo. Ta biyu ita ce take cewa ga abin da kuka faɗa, ga abin da kuka yarda, ga abin da kuka ƙi. Ku nemi a karanta muku ta biyun da babbar murya, a fassara ta da Hausa da Fulatanci, kafin kowa ya sa hannu. Idan ƙorafinku bai fito a ciki ba, ku ce a ƙara shi nan take. Ku nemi kwafi, ko a ƙalla ɗaya daga cikin yaranku ya ɗauki hotonta da waya, shafi bayan shafi.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Bakin tafkin Lagdo ba a wuri ɗaya yake tsayawa ba. Tafki ne na madatsa, ana tara ruwansa da damina, ana sakinsa da rani domin injinan wutar da ke ba Garwa da Marwa da Ngaundere haske, don haka inda yake gaɓa a watan Oktoba tudu ne mai ƙura a watan Afrilu. Duk wanda ya ga cikar ruwan 2012, lokacin da aka buɗe ƙofofin madatsar ruwa ya ci garuruwa har cikin Najeriya, ya san iyakar da ruwan nan ke iya kaiwa. Mai zana taswira yakan zo sau ɗaya, a wata ɗaya, ko ma ya yi aiki da hoton tauraron ɗan'adam na rana ɗaya, ya ja layinsa ya tafi. Idan ya zo da kaka, fadamar matanku tana ƙarƙashin ruwa, ba zai san akwai ta ba. Idan ya zo da bazara, zai sa kwatarku a inda jirgi ba zai iya tsayawa ba bayan wata huɗu. Ba mugunta ba ce, rashin zama ne a wurin, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shawarata ita ce kafin ranar taro ku zauna da sarkin ruwa da dattawan kwata, ku sami babbar takarda, ku zana bakin ruwan sau biyu, na cika da na janyewa. Ku sa alamar kwatar damina da ta rani, da mashayar dabbobi, da inda dorina ke hawowa da dare, da inda kifi ke zuba ƙwai, da maƙabarta. Ku miƙa wannan zane a gaban jama'a, ku nemi a ambace shi a cikin takardar bayanin taro. Jami'in da aka ba shi irin wannan zane da wuya ya iya cewa ba a gaya masa ba, kuma da yawa daga cikinsu, musamman waɗanda suka fito daga makarantar horar da ma'aikatan namun daji ta nan Garwa, wadda take aiki tun 1970, za su yi murna da shi domin ya rage musu aiki.

Mai sana'ar banda, Lagdo:

Baba Malam, Allah ya saka da alheri, bayaninka ya gamsar. Amma ina roƙon a ba ni dama in ƙara abin da ban ga an ambata ba, domin ka ce a zauna da sarkin ruwa da dattawan kwata, kuma a cikinsu babu mace ko ɗaya.

Kifin da mazajenmu suke kamawa, wanda ba a sayar da shi ɗanye ba, a hannunmu yake kwana. Mu muke fere shi, mu wanke, mu jera a kan waya, mu hura wuta a ƙarƙashi, mu yi ta juyawa har ya bushe ya yi ja, sannan a zuba a kwali a kai kasuwa. Wannan aiki itace yake ci, kuma a bakin ruwa ake yinsa, saboda tarwaɗa ba ta jiran a kai ta nesa a cikin zafin Maris. Idan aka rubuta cewa ba a sare itace, ba a kuma hura wuta a sashen baƙi, ba tare da an nuna mana inda za mu koma da murhunanmu da inda za mu sami makamashi ba, to an kashe sana'armu ba tare da an ambaci sunanta ba. Ni ma na san itatuwan bakin tafkin sun ƙare, yanzu sai mun saya daga masu kura da ke kawowa daga nesa, kuma idan akwai murhun da ke cin itace kaɗan za mu karɓa hannu bibbiyu. Amma a rubuta shi a cikin tsarin, da wurin da za a gina shi, kada a bar shi a baki.

Sai maganar lokaci. Ana kiran irin waɗannan tarurruka da hantsi, daidai lokacin da jirage ke dawowa, muna tsaye a kwata da kwanoninmu. Wadda ta bar kifinta ta tafi taro ta yi asarar yini. Idan ma mun je, a baya muke zama, kuma ba kowace mace ce za ta miƙe ta yi magana a gaban surukinta da limami ba. Abin da nake so Yaya mai tambaya ya nema shi ne a yi mana zama namu dabam, da la'asar, da mace mai fassara, kuma abin da muka faɗa ya shiga takarda ɗaya da na maza.

Game da dorina, wadda ake son baƙi su zo kallo, ina so a ji daga bakin wanda yake kwana kusa da ita. Bara ta shiga gonar maƙwabciyata cikin dare ɗaya, da safe ba a sami komai ba sai sawu kamar an kifa akushi a cikin laka, da karan masara a kwance. Yaranmu a wannan ruwa suke wanka, mu ma a nan muke wanki. Idan za a ƙara kare ta, a faɗa mana wa za mu kai wa kuka idan ta yi ɓarna, kuma me za a yi wa wanda ya rasa amfanin gonarsa.

Ɗan kasuwa, Lere, ƙasar Cadi:

Gaisuwa ga jama'ar Lagdo. Ruwanmu da naku 'yan'uwa ne, domin kogin Mayo Kebbi da ke ratsa tafkunan Tirene da Lere a can gabanku yake faɗawa cikin Binuwai, kafin a kai Garwa. Mu mun daɗe da zama a cikin wurin da aka kare. Tun 1974 aka kafa gandun namun daji na Binder-Lere, mai faɗin hekta 135,000, musamman saboda ayu da ke cikin tafkinmu, a 2001 aka sa shi cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, sannan a 2022 aka yanki wani ɓangarensa, wajen magangarar ruwan Gauthiot, aka mai da shi gandun ƙasa mai suna Zah Soo. Duk da haka garin Lere yana nan, kasuwa tana ci, masunta suna shiga ruwa.

Ina faɗin wannan ne domin in ja hankalin ɗan'uwa mai tambaya kada ku je taron da kalmar a'a kaɗai. Wanda ya je da ƙi kawai, akan rubuta cewa jama'a sun nuna damuwa, a wuce. Wanda ya je da tayi, shi ake zama da shi. A wajenmu akwai sassan tafki da aka bar wa kifi, ba a jefa raga a cikinsu, kuma abin da na lura shi ne iyakar da masunta da sarakunan gargajiya suka zauna suka amince da ita ta fi daɗewa ana girmama ta, saboda wanda ya karya ta maƙwabcinsa ne zai fara ganinsa tun kafin ma'aikaci ya ji labari. Iyakar da aka sauko da ita daga sama kuwa, rana ce kawai ake kiyaye ta.

Ku da kanku kun san lungunan da ciyawa ta yi yawa, inda karfasa ke haƙa gurbi. Ku ce mun yarda a rufe wannan da wannan, mu ma za mu sa ido, amma a bar mana kwata da hanyar zuwa gare ta. Ku nemi kujeru a kwamitin da zai kula da wurin, a rubuta adadinsu da yadda za a zaɓi masu hawa, kuma ku nemi a fayyace kason da unguwa za ta samu daga kuɗin da baƙi za su biya, da wanda zai riƙe shi. Masu jirage su nemi a rubuta cewa su ne za su riƙa ɗaukar baƙi yawo a kan ruwa, tunda su suka san inda dutse yake da inda dorina mai ɗa take. A kan maganar Hajiya mai banda ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari, don mu ma ɓarnar dorina a gonakin bakin tafki ita ce ta fi jawo ɓacin rai tsakanin jama'a da masu tsaron gandu.

Mai sayar da maganin dabbobi, Maga:

Akwai waɗanda ba za su ji sanarwar jauro ba sam, wato makiyaya masu saukowa bakin ruwa da rani su koma da faɗuwar damina. Idan aka yi taron ba sa nan, aka rufe mashaya ko aka datse burtali da shingen wurin shaƙatawa, rikicin a kanku zai sauka, domin shanu za su nemi ruwa ta cikin gonakinku.

Mu a nan mun ga abin da rashin tambaya ke haifarwa. Da aka gina madatsar Maga a 1979 domin noman shinkafa na kamfanin gwamnati mai suna SEMRY, ambaliyar kogin Logon da ke malala cikin fadamun yayre kowace shekara ta ragu ƙwarai. Ciyawa mai kyau ta mutu a wurare da yawa, kifi ya ragu, makiyaya suka watse, namun dajin gandun Waza ma suka shiga wahala. Sai a 1994 aka sake buɗe wata mashigar ruwa domin a mayar da ambaliya a wani ɓangare, ciyawa da kifi da shanu suka fara dawowa. Shekara 15 ke nan tsakanin kuskure da fara gyara. Ku aika wa arɗo tun yanzu, ya turo wakili ko ya ba da saƙo a rubuce, a sa burtali da mashaya a cikin zanen da Malam ya ce ku yi.

Masunci, Lagdo:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Jiya da daddare na karanta wa sarkin ruwa da mutum shida na kwatarmu amsoshinku, ɗaya bayan ɗaya. Da safe muka je wurin jauro, ya nuna mana takardar gayyatar, kuma ya yarda zai nemi su-prefe, wato shugaban mulki na gundumarmu, ya sa baki a ba mu cikakken wa'adi, a kuma zo da mai fassara da Hausa ban da na Fulatanci.

Hajiya, maganarki ta shiga. Na ji kunya da na ga ban ambaci murhunan banda a tambayata ba, alhali da kuɗin banda mahaifiyata ta saya mini jirgina na farko. Matan kwata za su zauna ranar Laraba da la'asar a gidan sarkin ruwa, kuma 'yar ƙanena da ke makarantar sakandare za ta rubuta abin da suka faɗa. An kuma tura yaro a kan babur zuwa rugar arɗo.

Zanen mun fara shi a bayan wani babban kwali. Layin cikar ruwa bai ba mu wahala ba, domin alamar 2012 tana nan a jikin wata tsamiya da ke bayan masallaci, daidai ƙirjin mutum. A kan lungunan da za mu yarda a rufe ne aka yi gardama mai tsawo, saboda biyu daga cikinsu a nan wasu dattawa suke kafa gurarsu ta kamun kifi tun zuwansu garin, kuma har muka tashi ba su amince ba. Za mu sake zama da su gobe bayan sallar isha'i. Malam, idan akwai wani a Garwa da zai iya mayar mana da zanen a kan takarda mai kyau da rubutun Faransanci kafin ranar taro, ina roƙon ka haɗa mu da shi.